Yadda Ake Rubuta wa Yara Littafin Almara Mai Ban Dariya, Mai Gugar Zana, Mai Taɓa Zuciya

Duk wanda ya ɗaura niyyar rubuta wa yara dogon labarin almara, irin wanda dabbobi ke magana a cikinsa, abin da hankali ba zai ɗauka ba kuma ya zama ruwan dare, yakan so littafin ya yi masa aiki uku: ya ba yaro dariya, ya buɗe masa ido a kan halin manya da zaman gari, sannan ya taɓa masa zuciya. Inda akasarin masu gwadawa ke tuntuɓe shi ne wajen raba aikin gida uku, su ajiye babin barkwanci a nan, su kawo babin wa'azi a can, in an kusa ƙarshe kuma su kashe wani daga cikin mutanen labarin don a zubar da hawaye. Yaro ɗan shekara 9 zuwa 12, wanda shi ne mai karatun da nake nufi, yana hango wannan ɗinki tun daga nesa, kuma da zarar ya gane sai ya riƙa tsallake shafuka yana neman wurin dariya kawai. Shawarata ita ce abubuwan nan uku su fito daga tushe guda, wato daga dokar al'ajabi ɗaya da aka gina labarin a kanta. Zan bi hanyar da misali guda wanda na ƙirƙira daga abin da ke gabanmu a nan Damagaram, domin a ga yadda ake yi a aikace.

Nemo dokar al'ajabi a cikin garinka

Kafin ka raɗa wa jarumi suna ko ka tsara babi, zauna ka amsa tambaya ɗaya: mene ne abin da ya bambanta duniyar labarinka da wadda muke ciki? Abu guda nake nufi, ba goma ba. Marubucin da ya tara zoben sihiri da darduma mai tashi da layar zana da tsuntsu mai ba da labari a littafi ɗaya ya sauƙaƙa wa kansa fita daga kowace matsala, amma ya hana mai karatu jin fargaba, tunda yaron ya san akwai wani abin mamaki a aljihu da za a zaro in tafiya ta yi tsanani.

Wurin neman dokar kuma ba nesa ba ne. Duk yaron da ya tashi a Zinder ya san manyan duwatsun da ke zube a Birni da kewayensa, wasu bisa wasu, gidaje na raɓe da su, awaki na hawa suna sauka. Ya san wahalar ruwa, da layin jarkoki a bakin famfo, da ƴan garuwa suna tura kurarsu cikin rana. Matsalar ba ta yau ba ce, domin ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Sannan yaron ya sha jin manya suna cewa alkawari kaya ne. In ka haɗa dutse da ruwa da wannan karin magana, doka ta samu. A garin labarinmu, duk alkawarin da aka saɓa yana zama dutse, kuma dutsen yana tsirowa a daidai wurin da aka furta maganar. Wanda ya yi alkawari alhali ya san ba zai cika ba, nasa dutsen nan take yake fitowa, girmansa gwargwadon girman maganar. Wanda ya yi da zuciya ɗaya amma abu ya fi ƙarfinsa, nasa ƴar tsakuwa ce da ke bayyana bayan wa'adi ya wuce, tana girma a hankali. Dutse ba ya gushewa sai an cika alkawarin, ko wanda aka yi wa ya yafe har zuci, kuma a lokacin ne yake narkewa ya zama ruwa.

Rubuta dokar a takarda cikin jimla huɗu ko biyar, ka manna ta inda kake aiki, kada kuma ka karya ta ko da kuwa karyawar za ta fitar da kai daga wani lungu. Bayan nan ka yi mata tambayoyin da yaro mai wayo zai yi. Alkawarin da aka yi cikin wasa fa? Wanda ya rasu bai cika ba, wa zai gaji dutsensa? In mutum ya yi wa kansa alkawari, wa zai yafe masa? Kusan kowace amsa babi ce.

Jarumarmu yarinya ce ƴar shekara 11, mu kira ta Rabi, tana zaune da kakarta a Birni. Mahaifinta ya bi ta Agadas ya tafi Libiya ci-rani, ya ce zai dawo kafin babbar Sallah, ga shi Sallah uku ta wuce. Abokin tafiyarta wani tsohon ƙadangare ne, magatakardan duwatsu, wanda ke riƙe da lissafin kowane alkawari da mai shi.

Inda dariya take fitowa

Babban kuskure a nan shi ne ɗaukar barkwanci a matsayin kayan ado da ake liƙawa bayan an gama gini. Dariyar da ta fi daɗewa a bakin yaro ita ce wadda ke fitowa idan aka bi dokar labari da gaske har inda ta kai. Tambayi kanka: a gari irin wannan, wa zai fi kowa shan wahala? Amsar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah. Ga yadda za a iya rubuta wurin:

Ana jajibirin Sallah, tela ya leƙo ta taga, domin ƙofar shagon ta toshe tun shekaranjiya. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji shi, "gobe da asuba kayanki suna hannunki." Tim! Wani dutse mai girman kabewa ya ɓullo a ƙarƙashin kekensa, keken ya karkace. Tela ya dubi dutsen, ya dubi Hajiya, ya gyara hula. "To, a ce da hantsi." Tim!

Lura da cewa babu wanda ya yi dariya a cikin wurin. Tela bai san yana ban dariya ba, Hajiya kuma ranta a ɓace yake. Da zarar marubuci ya ƙara cewa jama'a suka fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ƙwace wa mai karatu rabonsa. Bar mutanen labarin su ɗauki abin da muhimmanci, yaron da ke riƙe da littafin shi zai yi dariyar.

Daga nan sai ka ƙara tura dokar gaba. In duwatsu suna fitowa kyauta, dole wani ya ga sana'a a ciki. Sai ga wani dillali ranar Alhamis a kasuwar Dole yana bin mutane yana yi musu alkawuran da ba su roƙa ba, wannan zai kai shi Makka, wancan zai ba shi raƙumi, yaransa na biye da amalanke suna kwashe duwatsun suna sayar wa magina. Har yana da farashi: alkawarin aure ya fi tsada, domin dutsensa ya fi dacewa da harsashin gini. Irin wannan ci gaba, inda wauta ɗaya ke haifar da wata bisa tsari, shi ke sa yaro ya fara hasashen abin da zai biyo baya, kuma rabin daɗin yana cikin hasashen.

Tushen dariya na biyu shi ne hali guda da ba ya barin mai shi. Tatsuniyoyinmu sun daɗe da sanin wannan. Gizo yana ba da dariya ne saboda kwaɗayinsa da wayonsa ba sa canzawa, ga tsamin bakinsa, ga Ƙoƙi tana fama da shi. Kura kuma kullum haɗama ce ke kai ta ta baro. Ba sai ka ɗauko Gizo kansa ba, amma ka ba kowane mai ban dariya a littafinka aibi ɗaya da yaro zai gane shi da shi ko ba a ambaci sunansa ba. Ƙadangarenmu, alal misali, ba ya iya cewa a'a. Duk abin da aka faɗa sai ya gyaɗa kai, ko da bakinsa yana musantawa, saboda haka kowa yana tashi daga gabansa da tabbacin cewa magatakarda ya goyi bayansa. Wannan aibi zai ba da dariya a babi na biyu, ya jefa Rabi cikin rikici a babi na bakwai, kuma in ka iya, ya zama abin da zai cece ta daga baya.

Maimaici ma makami ne, in an san adadinsa. Sau biyu na farko suna kafa tsari, na uku ya karya shi. In tela ya ce asuba dutse ya fito, ya ce hantsi dutse ya fito, a karo na uku sai ya yi shiru ya kama ɗinki, Hajiya kuma ta ce in ya gama za ta biya shi nan take, dutse ya ɓullo a ƙarƙashin ƙafarta. Kada ka manta da kunne. Hausa tana da arzikin kalmomin amo irin su tim, ƙwal, rigijib, tsulum, kuma yara suna son su domin suna iya kwaikwayo. Ƴar gajeruwar waƙa mai amshi da ke dawowa kowane babi uku ko huɗu tana yin aikin da waƙa ke yi a tsakiyar tatsuniya.

Akwai kuma wasan jika da kaka, wanda a ganina shi ne taskar da marubutanmu suka fi yin sakaci da ita. Kaka tana kiran jikarta kishiya, tana kiran jikanta miji, suna zolayar juna ba tare da an ce yaro ya yi rashin kunya ba. Wannan ne kusan wuri ɗaya tilo a cikin gida inda yarinya za ta mayar wa babba magana mai karatu ya yarda. In kakar Rabi ta ce, "Ke kishiya, wannan miyar taki ko akuya ba ta sha," Rabi tana da damar cewa, "To, Kaka, ai shi ya sa na kawo miki." Riƙe wannan zolaya da kyau, domin za ka buƙace ta a wurin kuka.

Gugar zana

Damagaram ba baƙuwar wannan fanni ba ce. A wasan kara talakawa suna kwaikwayon masu mulki da manyan baƙi, da tafiyarsu da jawabinsu, da kayan aikin da aka ƙera da kara, kuma sau da yawa waɗanda ake kwaikwayon suna zaune suna kallo. A tashen watan azumi yara suna sa gemun auduga su yi tsoho, ko su yi malamin da ake tuhuma da rawa yana musantawa yana kuma taka rawar. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo, wadda ta yi suna daga nan Zinder, ta nuna wa ƙasa baki ɗaya cewa ana iya faɗa wa ma'aikaci da ɗan kasuwa da maigida gaskiya suna dariya. Abin da duk waɗannan suka haɗu a kai shi ne suna nuna hali, ba sa tsayawa su yi sharhi a kansa. Wannan ce ƙa'idar farko a gare ka.

Ga yadda dokarmu za ta yi aikin. Lokacin zaɓe ya zo, ɗan takara ya hau dandamali a filin unguwa ya ce in an zaɓe shi kowane gida sai ya samu famfo, har da na awaki. Ƙasa ta motsa, wani ƙaton dutse ya tsiro a ƙarƙashin dandamalin ya ɗaga shi sama da rufin gidaje. Maroƙansa ba su yi wata-wata ba suka ɗauki kirari: "Alhaji ya ɗaukaka! Kowa ya gani da idonsa!" Washegari aka kafa kwamitin binciken dutsen, shugaban kwamitin ya ce rahoto zai fito cikin mako guda, sai ga ƙaramin dutse a gefen babban. Rabi, wadda ta zo ɗiban ruwa, abin da ta lura da shi kawai shi ne babban dutsen ya danne bututun da ke kawo wa unguwar ruwa, yanzu sai ta ƙara tafiya mai nisa da jarkarta.

Ba a ce ƴan siyasa maƙaryata ne ba, ba a ce maroƙa ƴan amshin shata ne ba. An bar idon yarinya ya ga abin da ya faru, an bar ta ta auna shi da ma'aunin da ta sani, wato nisan tafiya da nauyin jarka. Yaro zai yi dariyar mutumin da ya maƙale a sama yana neman tsani, babban da ke karanta masa kuma zai ji inda aka dosa. Littafin yara mai kyau yana da waɗannan kunnuwa biyu, amma in dole ne ɗaya ya yi asara, to na babba ne zai haƙura. Duk habaicin da sai wanda ke sauraron labaran rediyo zai gane, kuma ba shi da abin dariya a zahirinsa, cire shi.

Kada ka ambaci jam'iyya, kada ka siffanta wani sananne yadda za a nuna shi da yatsa. Ban da rigimar da hakan ke jawowa, yana kashe littafin da wuri, domin mutum yana sauka daga kujera cikin ƴan shekaru, halin kuwa yana nan. Sannan ka ba wanda kake yi wa gugar zana ɗan lokaci na mutuntaka. A wani babi Rabi za ta iya tarar da ɗan takarar da dare yana ƙoƙarin ɗaga wata tsohuwar tsakuwa a ƙofar gidan mahaifiyarsa. Bai zama mutumin kirki ba saboda haka, amma ya daina zama dodo, kuma yaro ya koyi cewa mai saɓa alkawari mutum ne irinsa.

Sai batun wanda ake yi wa dariya, kuma a nan ba na sassautawa. Dariya ta nufi sama, ko ta nufi gefe, kada ta nufi ƙasa. Tsofaffin labaranmu cike suke da kuturu da makaho da gurgu a matsayin abin dariya, da Bafillatani ko Buzu ko baƙauye a matsayin wawa. A garin da ke da unguwa irin Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka keɓe kutare ne, kuma har yau mazaunanta suna fama da kallon da ake yi musu, marubuci ya sani cewa jikan wanda yake yi wa dariya yana iya kasancewa cikin ajin da za a karanta littafin. Wani zai ce ai wasan dangi al'adarmu ce, har UNESCO ta sa na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Gaskiya ne, amma wasan Fulani da Barebari, ko na taubasai, yana tafiya ne saboda ana yin sa ido da ido kuma kowa yana da damar ramawa. A kan takarda, in ɓangare ɗaya ne kawai ke magana, ya tashi daga wasa ya koma gori. In za ka sa shi, sa mutum biyu, ka bar su su yi kunnen doki, ka kuma nuna cewa in wahala ta zo su ne farkon masu taimakon juna.

Wurin da zuciya take

Abin da zai sa yaro ya yi shiru a ƙarshen littafi dole a shuka shi tun a farkonsa, a lokacin da hankalinsa ke kan dariya. A babi na ɗaya, tsakanin labarin tela da na dillali, ka nuna a taƙaice cewa akwai wata tsakuwa a zauren gidan su Rabi, a daidai inda mahaifinta ya tsuguna ya yi mata sallama. Rabi tana rufe ta da tsohon zane don kada maƙwabta su gani su ce ubanta maƙaryaci ne. Kada ka yi bayani, wuce kawai. A babi na huɗu zanen ya daina rufe ta. A na takwas sai an raɓa ake shiga gidan. Dokar da ta ba mu dariya a shagon tela ita ce yanzu take matse mana ƙirji, kuma ba ka ƙara komai a kanta ba.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a jihar Damagaram. Yara da yawa a Zinder da Kance da Matamaye da Magarya suna da uba ko wa ko ma uwa da ta tafi Libiya ko Aljeriya ko Nijeriya neman abin rufin asiri. Saboda haka ka rubuta shi da girmamawa, kuma ka rubuta shi yadda Bahaushe ke jin ciwo, wato da kawaici. Kakar Rabi ba za ta zauna ta ce tana kewar ɗanta ba. In ɗan fari ne ko sunansa ba ta kama wa. Abin da za ta yi shi ne kowace safiya ta share kewayen dutsen tsaf, ta hana kaji hawa kansa, in an tambaye ta ta ce ita dai ba ta son ƙazanta a zaure. Yaro Bahaushe zai gane wannan ba tare da an fassara masa ba, kuma zai fi jin sa fiye da shafi guda na kuka da sambatu.

Jarumar ma kada ta fita da hannu tsarkakakke. A tsakiyar littafi Rabi ta yi wa ƙawarta alkawarin riƙe mata wuri a layin famfo, ta bi ƙadangare ta manta, da ta dawo ta tarar da ƴar tsakuwa mai ɗauke da sunanta a lissafin magatakarda. Daga ranar tambayarta ta canza. Da tana tambayar me ya sa manya ke ƙarya, yanzu tana tambayar yadda mutum ke saɓa alkawari alhali yana son wanda ya yi wa. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan littafin, kuma shi ke shirya ta ga haɗuwa da mahaifinta.

Wajen warwarewa akwai jaraba biyu. Ta farko ita ce uban ya dawo da mota da akwatunan tsaraba, wanda ƙarya ce da yaron da ke jiran nasa uban zai gane. Ta biyu ita ce a aiko da labarin rasuwarsa, wanda hanya ce mai arha ta samun hawaye. Ni na fi son ta uku: ya dawo hannu rabbana, a rame, ya sauka a tasha ya kasa ƙarasowa gida saboda kunya, kuma kunyar ce dama ta hana shi dawowa tun Sallar farko. Wa'adi ya riga ya wuce, don haka cikawa ba ta yiwuwa. Abin da ya rage shi ne yafiya, kuma tana hannun yarinya. Ka ba ta lokaci. Ta yi fushi, ta ƙi gaishe shi, ta kwana. In dutsen ya narke, ruwan ya cika randa ɗaya kawai. Kada ka bari ya shayar da gari, kada kuma dutsen ɗan takara ya narke tare da shi, domin yafiyar yarinya ba ta gyara bututun unguwa, kuma mai karatu zai fi amincewa da kai in ka bar wannan a yadda yake.

Nan ne zolayar kaka take biyan bashinta. Bayan wuri mai nauyi yaro yana buƙatar numfashi, amma dariyar da za ta zo kada ta zama ta raina abin da ya faru. Kaka ta leƙa randar ta ce, "Ke kishiya, shekara uku kina ɓoye mana ruwa a zaure muna saye a wurin ƴan garuwa?" Ta faɗa tana goge ido da gefen mayafi. Jimla ɗaya ta ɗauki raha da habaici da tausayi tare, kuma ta iya yin haka ne saboda duk ukun daga dutsen nan suka fito.

Harshe, iyaka da gwaji

Game da aljanu da sihiri, ka tuna cewa iyaye ne ke sayen littafi, malamai ne ke shigar da shi aji. Tatsuniya ta daɗe da samun wurin zama a gidajen Musulmi domin ba ta ɓoye cewa ƙirƙira ce. Mai ba da ita yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Riƙe wannan iyaka. Kada ka ba wata halitta sanin gaibu ko ikon rayar da matacce, kada kuma jaruminka ya roƙi wani abu a wurin iska ko dodo. Ƙadangare mai lissafi da duwatsu masu tsirowa ba su taɓa aƙidar kowa ba.

A wajen harshe, bar mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa domin yaron Maraɗi da na Kano su bi ka, amma mutanen labarin su yi maganar garinsu. Yaron Zinder lakwal yake zuwa, mushe ke koya masa, kabu-kabu yake hawa, da dala da jika yake lissafin kuɗi, kuma jin waɗannan a littafi yana gaya masa cewa labarin nasa ne. Kula da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin mai koyon karatu ba ya iya cike gurbin da babba ke cikewa. A Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya ana rubuta 'y. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Masu karatun suna nan, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, abin da ya yi ƙaranci shi ne littafin da yaro zai ɗauka don kansa ba don jarrabawa ba. Kowane babi ya zama wanda za a karanta da baki cikin minti 10 zuwa 15, ya kuma tsaya a inda za a roƙe ka ci gaba.

In ka kammala rubutun farko, tara yara biyar ko shida waɗanda ba naka ba, ka karanta musu da baki bayan sallar isha'i, fensir a hannunka. Sa alama a inda suka yi dariya, da inda ka zaci za su yi ba su yi ba, da inda suka fara tsokanar juna. Wuri na biyu yawanci bayani ne ya yi masa yawa, na uku kuma wa'azi ne ya saci hanya ya shigo. Kada ka tambaye su darasin da suka koya, domin za su ba ka amsar da suke ba mushe. Tambaye su abin da suke zaton zai faru gobe, da wanda suka fi jin haushinsa. Sannan ka saurari tambayoyinsu a kan dokar, domin nan ne suke kama marubuci. Cikin su wani zai ce, to alkawarin da aka yi ta waya fa, a ina dutsensa zai fito, a wurin mai kira ko a wurin mai amsawa? In ba ka da amsa, koma kan takardar da ka manna ka yanke hukunci, sannan ka bi babi-babi ka gyara duk inda mahaifin Rabi ya bugo waya daga Libiya.